Kafin ka sa wa motarka LED, tsaya mu ga inda hasken yake zurarewa

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce motarka Corolla ce 2005 'yar Amurka, kana yawan dawowa daga Zariya bayan isha'i, kuma daga ka wuce Kwanar Dangora ba ka hango rami ko mai keke sai ka zo daf da shi, an ba ka shawara ka cire ƙwan da ke ciki ka sa LED ko zenon, shi ne kake tambaya wanne ya fi.

To ni dai a matsayina na mai wayarin, shawarata kar ka sayi ko ɗaya tukuna. Yawancin motocin da ake kawo mana gareji da wannan kukan, ƙwan fitilar shi ne ƙaramin mai laifi a ciki. Hasken yana nan, a hanya yake ɓacewa, ko dai wutar ba ta isa ƙwan yadda ya kamata, ko hasken ya fito gilashi ya tare shi, ko kuma ya fita amma ba inda ya dace yake sauka ba. In ba ka gyara waɗannan ba ko wane irin ƙwai ka sa asarar kuɗi ce, ka kuma ƙara da cutar da mutanen da ke tahowa ta gabanka.

Fara da abin da ido yake gani. Je ka tsaya gaban motar da rana ka kalli gilashin fitilar. Na irin motarka ai ba gilas ba ne na gaske, roba ce mai ƙarfi da aka shafa mata wani siririn fenti mai kare ta daga rana tun daga kamfani, kuma ranar Kano ba ta raga wa wannan fentin, ga ƙurar hunturu tana goge shi a hankali, ga yaran wankin mota da omo da tsumma mai yashi. Da ya mutu sai robar ta fara yin ruwan ɗorawa, ta yi dishi-dishi, in ka shafa ka ji kaushi-kaushi a hannunka. Mutane suna ɗauka kwalliyar mota ce kawai ta ragu, alhali haske ne yake mutuwa a wurin. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2018, suka samu fitilar da ta dushe sosai kashi 22 cikin 100 kawai take bayarwa na hasken sabuwa. Ka duba fa, kusan kashi huɗu cikin biyar ya tafi, kuma ƙwan lafiyarsa ƙalau.

Gyaransa ba wuya amma yana son haƙuri. A zagaye fitilar da salatif saboda fentin mota, a samu sanfefa ta ruwa, a fara da mai lamba 800 ana zuba ruwa ana gogawa, za ka ga ruwan da ke gangarowa ya fito rawaya-rawaya, a ci gaba har ya koma fari kamar tsinkakken koko, sannan a koma 1500, sai 2000, in an samu 3000 a ƙarasa da ita, kowane mataki a canza hannu, in ka goga a kwance na gaba ka goga a tsaye domin ya cinye zanen na baya. Sai folish, wato man goge fentin mota, har ta yi garau. Inda ake yawan tsayawa kenan, kuma nan ne kuskuren, domin yanzu robar tsirara take, in ba a fesa mata kiliya mai kare rana ba wata 'yan kaɗan za ta koma gidan jiya, wani lokacin ma ta fi da lalacewa. Makilin da ake cewa a shafa yana ɗan haskawa na ɗan lokaci, ba ƙarya ba ne, amma ba gyara ba ne. Man birki da tina kuwa kar ka bari a kusantar da su, suna cin robar su tsattsaga ta.

In ka leƙa ka ga raɓa ko ruwa a ciki, ko kuma azurfar nan mai sheƙi da ke bayan ƙwan ta yi baƙi-baƙi ko ta ɓare a saman inda ƙwan yake, to wannan goge waje ba zai yi masa magani ba. Azurfar ita ce take tattara hasken ta jefa shi kan titi, in ta ƙone sai dai canjin fitila. A nan ni na fi son mutum ya shiga Ƙofar Ruwa ko Kwakwaci ya nemi 'yar Beljiyam mai kyau a kan sabuwa 'yar araha, saboda 'yar arahar sau da yawa tana da kyan gani a ido amma in ka haska ta a bango ba ta da tsari, haske ne kawai a warwatse. Kuma ka kula da wannan sosai: mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, fitilar da aka yi domin irin hanyarmu tana ɗaga haskenta ne ta gefen dama inda masu tafiya a ƙasa da alamomin hanya suke, ta kwantar da shi ta hagu inda mai tahowa yake. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan akasin haka take, ta hagu take ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa, gefen titinka kuma duhu. Motocin da aka juya musu sitiyari da yawa suna yawo da wannan matsalar masu su ba su sani ba.

Yanzu mu zo kan wuta, wanda shi ne aikina kuma shi ne aka fi rainawa. Ƙwan halojin, irin na motarka, an yi shi ne ya ba da cikakken haskensa a wajen volt 13, kuma ba ya yafiya ko kaɗan, in wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100 hasken ba da kashi 10 yake raguwa ba, kusan kashi 30 yake zubewa. Mota mai shekara ashirin wayoyinta sun sha zafi, soket ya saki, makunni ya ci, wayar at, wato ta negatif da ke kama jikin mota, ta yi tsatsa, kowanne yana ɗan cin nasa rabon kafin wutar ta kai ƙwai.

Ga yadda za a auna, kuma ka tsaya a kai a yi a gabanka, kar ka yarda da gwajin ƙyasta waya a jikin bodi a ga tartsatsi, ko gwajin ɗan ƙwan testa, waɗannan suna nuna akwai wuta ne kawai, ba sa nuna nawa ce. A tada mota, a kunna fitila, a ɗora mita a kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.4. In ka ga 12 da 'yan kai mota tana aiki, to altaneta ba ta caji sosai ko fambel ya saki, daga nan za a fara, kuma alamarta ita ce fitila ta dushe in kana silo ta ƙara haske in ka taka totur. In cajin lafiya, sai a je bayan fitilar, ƙwan yana jone yana ci, kar a cire soket ɗin, a soka tsinken mitar ta bayan soket inda wayoyin suka shiga. Abin da ka gani a nan ka cire shi daga na batir. Bambancin rabin volt ba komai, amma in batir yana 14.1 ƙwai yana samun 12.4, ka ga inda haskenka yake tafiya. Daga nan a raba, tsinke ɗaya a kan fositif na batir ɗaya a wayar wutar ƙwan, sannan tsinke ɗaya a negatif ɗaya a wayar at, duk ɓangaren da ya nuna lamba babba shi ne mara lafiyar. Sau da yawa za ka tarar noti ɗaya ne a jikin bodi kusa da fitila, an taɓa yi wa motar fenti bayan ta yi karo, mai fenti ya fesa har wurin, aka ɗaure wayar at a kan fenti. A kwance, a kankare har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure, a shafa ɗan giris a kai. Ko kuma ka zare soket ka ga bakinsa ya yi kore-kore, ko robar ta narke ta yi ruwan ƙasa tana warin ƙuna, wannan canza shi za a yi, a haɗa da dalma, ba a murɗa waya a naɗe da salatif ba.

In wayoyin motar ne gaba ɗaya suka gaji, maganin shi ne rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta. Ana jawo waya mai kauri, kamar mai lamba 2.5, kai tsaye daga batir zuwa fitilu, rile ɗaya na dim ɗaya na ful, tsohuwar wayar motar aikinta ya koma ba rile umarni kawai. Dole a sa fis a kusa da kan batir, ina maimaitawa dole, domin waya mai kauri daga batir ba fis in ta goga da bodi gobara ce, kuma mun ga motocin da suka ƙone ƙurmus a kan wannan. Ka kuma tabbata wanda zai yi maka ya san Toyota, da yawansu ta ɓangaren at suke yanke wutar fitila, wasu 'yan Amurkan kuma fitilarsu tana kunna kanta da rana, in aka haɗa rile da ka sai ka ji yana ƙara ko fitila ta ƙi mutuwa.

Sai saiti. Wallahi wannan kyauta ne kusan, amma da wuya ka ga wanda ya taɓa yi. Ka samu fili mai daidai da bango a gabansa da daddare, iskar tayoyi daidai, but ba kaya, wani ya zauna a kujerar direba. Ka auna daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙwan dim, ka je ka ja layi da alli ko gawayi a bangon daidai wannan tsayin, ka ja motar baya mita 10, ka kunna dim. Inda hasken ya yanke daga sama ya kamata ya zauna kamar santimita 10 a ƙarƙashin layinka. Ka rufe fitila ɗaya da kwali ka saita ɗaya, akwai notin saiti a bayan kowacce, a hankali ake juya shi ana kallon bango. Za ka sha mamaki, wata motar ɗaya tana kallon ƙasa mita goma sha biyar a gabanta ɗayar tana leƙen saman bishiya, musamman in an taɓa buga gaban ko kunnen fitilar ya karye an ɗaure da waya. Masu Golf da Vectra da 406 da sauran 'yan Turai kuma, akwai ɗan abin murzawa kusa da makunnin fitila mai lamba 0 zuwa 3, na sunkuyar da fitila ne in an yi lodi a baya, in ba kaya a 0 yake zama. Akwai masu yawo da shi a 3 shekara da shekaru suna zagin fitilarsu.

To bayan duk wannan ne ake maganar ƙwai. Halojin yana tsufa tun kafin ya mutu, zaren cikin yana sirancewa, gilashin ya yi hayaƙi-hayaƙi, don haka in ya daɗe a canza guda biyun tare. Motarka 9006 take ɗauka a dim, 9005 a ful. Ka nemi orijina na Osram ko Philips ko Koito, kuma ka buɗe ido saboda jabunsu ya yi yawa, ɗan jabu zarensa ba ya zama daidai inda ya kamata, kuma kaucewar milimita ɗaya ta isa ta ɓata tsarin hasken. Kar ka taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi ya kumbura ya mutu da wuri. Mai shuɗin fenti a jiki da ake cewa yana ba da farin haske ka bar musu kayansu, fentin tace hasken yake yi, ya fi fari a ido amma ya fi ƙaranci a titi. Mai wat 100 kuma a fitilar roba da wayar da aka yi wa wat 55, shi ne yake narkar da soket ya ƙona azurfar da muka yi magana, an gudu gara an faɗa gidan zago.

In kana son ƙari na gaske ba tare da ka ɓata komai ba, akwai ƙwan da ake kira 9012. Shi ma halojin ne, wat 55 ne kamar naka, zarensa kusan wuri ɗaya yake zama da na 9006, amma a lumen, wato ma'aunin yawan haske, shi 9006 wajen 1,000 yake bayarwa, 9012 kuma ya haura 1,800. Kunne ɗaya na robar gindinsa ake ɗan ragewa ya shiga. Samun na gasken ne aiki, domin yanzu in ka ce 9012 yawanci LED za a miƙo maka mai wannan lambar.

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa nake ja da baya da LED a irin fitilarka, don kar ka ɗauka ƙin sabon abu ne. Motocin da suka zo da LED daga kamfani haskensu ba a magana, saboda fitilar gaba ɗayanta an gina ta ne a kansa. Taka kuwa an lissafa kowane lanƙwasa na azurfarta a kan ɗan siririn zare guda ɗaya mai haske ta kowane gefe, a wuri ɗaya tak. Ƙwan LED allo ne mai kauri da 'yan ƙwayoyi a gefe biyu, wasu ma gefe huɗu, hasken yana fitowa daga inda azurfar ba ta zata ba, sai ta watsa shi, wani sama wani gefe, mai yawa kuma ya zube nan gaban bamba. Kai da ke ciki sai ka ga gabanka ya yi fari tas ka ce alhamdulillahi an samu haske, alhali wannan farin da ke kusa yana sa ƙwayar idonka ta tsuke, can nesa inda kake buƙatar gani ya ƙara yi maka duhu. Shi kuma wanda yake tahowa ka kashe masa ido, ɗan adaidaita ne ko mai babur ɗauke da iyalinsa ko direban tirela, na daƙiƙa biyu ko uku ba ya ganin komai, kuma ta wajenka yake tahowa. Duk mai bin titin Gwarzo ko hanyar Bichi da daddare ya san abin da nake faɗa, ka yi wa mutum filashin ya rage, ya ƙara maka wani a kai don ya nuna maka ai dim ɗinsa ce. Wannan haƙƙi ne fa Malam, ba maganar Road Safety ko KAROTA kawai ba ce. Rubutun kwalin nan kuma na wat 200 da lumen dubu hamsin, ka sa a jona shi a mita a gabanka ka ga abin da yake ja, za ka gane rubutu ne kawai. Ga ɗan fankan da ke bayansa, ƙurar Kano in ta cika shi ya tsaya, ƙwan ya yi zafi ya dushe ko ya fara ƙyafta.

Zenon ma haka, ya ma fi muni a fitila mai azurfa. Na kamfani wat 35 ne yana ba da lumen wajen 3,200, kusan ninki uku na ƙwanka, kuma yawanci a cikin furojekta yake zuwa, wato ƙwallon gilashin nan mai ɗan ƙarfe a ciki da ke yanke hasken daga sama. In lallai ranka yana son zenon ko LED, hanyar da na yarda da ita ita ce a buɗe fitilar a dasa furojekta cikakkiya mai kyau, a rufe ta yadda ruwa ba zai shiga ba, a saita a bango. Yana da tsada kuma ba kowa ya iya ba. Launi kuma, wato lambar nan mai K da ake rubutawa a kwali, kar ka wuce 4300K zuwa 5000K, masu 8000K da suke shuɗi ba abin da suke ƙara maka.

Maganar launi ta tuna min da hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu in ƙura ta sauka, ko lokacin ruwan Agusta, farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi damun ido, kuma ful layit dawo maka yake yi a fuska, ka ga farin bango kawai a gabanka. A dim ake tafiya a rage gudu. In motar tana da fitilar hazo a ƙasan bamba, amfaninta kenan, amma in gari ya yi garau ka kashe ta, ita ma gaban mota kawai take cikawa da haske. Doguwar fitilar nan ta LED da ake ɗaurawa a bamba ko saman mota, ta daji ce da hanyar gona, in an sa ta a haɗa ta yadda ba za ta kama ba sai da ful, ba ta shiga Zoo Road ko Na'ibawa ba ce.

Gilashin gaba ma ka wanke shi ta ciki, akwai wani maiƙo da yake taruwa a kai wanda ba ka ganinsa da rana sai fitila ta doke shi da daddare, in waifa ta zazzana shi ko an manna masa tinti to ka rage wa kanka gani da hannunka. Hasken dashbod ka rage shi. Kuma ban san shekarunka ba, amma in ka ga bayan duk gyaran nan wasu suna tuƙa motar suna cewa lafiya kai kuma har yanzu fitilun mutane suna yi maka tartsatsi da zobe-zobe, ka je a duba idonka, yanar ido da ciwon suga sukan fara nuna kansu a tuƙin dare. Ga asibitin ido na ECWA, ga na Makkah, ga asibitin Malam Aminu Kano, duk a gari.

Abu ɗaya da fitila ba za ta yi maka ba ko ta miliyan ce. Dim da aka saita daidai, a mota mai tsayin taka, mita 60 zuwa 70 take kaiwa kafin hasken ya sauka ƙasa, haka aka yi ta da gangan saboda mai tahowa. A gudun 100 kana cinye kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki ka ci wajen mita 40, birkin kansa a busasshiyar kwalta yana son wasu mita 45 zuwa 50. Ka haɗa ka gani, ya wuce inda dim take kaiwa. Tirelar da ta lalace aka sa mata ganye a baya ba fitila, ko shanu suna tsallakawa wajen Kura, a gudun 100 da dim ba za ka tsaya ba. Don haka in hanya ba kowa ka yi amfani da ful ɗinka, don haka aka yi ta, da ka hango mota ko ka biyo bayan wata ka sauke, kuma ƙafarka ta sauka tare da ita zuwa 70 ko ƙasa.

Gobe in Allah ya kai mu ka fara da awon wutar nan da kallon bango, duka biyun ba za su ci maka awa ɗaya ba. Lambar da mita ta nuna a batir da wadda ta nuna a bayan ƙwan ka faɗo min su, da yadda gilashin yake, daga nan zan gaya maka ko rile kake buƙata ko wankin at kawai ya isa.